Hanns Vischer (Ɗan Hausa)

Sir Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa a Arewacin Najeriya, masanin ilimi ne kuma jami'in mulkin mallaka na Birtaniya ɗan asalin ƙasar Siwizalan. An haife shi a ranar 14 ga watan Satumba, shekarar 1876, ya rasu a ranar 19 ga watan Fabrairu, shekarar 1945. Shi ne ya kafa makarantun gwamnati na Nasarawa a Kano a shekarar 1909, kuma shi ne Daraktan Ilimi na farko a Arewacin Najeriya. An san shi da ra'ayin cewa makaranta ce ya kamata ta dace da yaro, wato ta fara daga harshensa da addininsa da sana'ar gidansu, maimakon a raba shi da su tun ranar da ya shiga aji. Wannan ra'ayi ya zama manufar gwamnatin Birtaniya a yankunanta na Afirka daga shekarar 1925, kuma har yau masana tarihi suna muhawara a kan amfaninsa da illarsa ga Arewa. Gidan da ya zauna a Kano, wato Gidan Ɗan Hausa, yanzu gidan tarihi ne.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Vischer a birnin Basel, cikin wani tsohon gida na 'yan kasuwa masu riƙo da addinin Kirista. Ya tashi yana jin Jamusanci da Faransanci, daga baya ya tafi Ingila ya shiga Kwalejin Emmanuel ta Jami'ar Kambirij, inda ya karanci harsunan zamani. Bayan ya gama digiri sai ya yi shirin aikin mishan. Ya je Tarabulus ta ƙasar Libiya domin koyon Hausa, saboda a wancan zamani akwai Hausawa da yawa a birnin: fatake, da alhazai masu yada zango, da bayin da aka 'yanta.

Zuwansa Najeriya

A shekarar 1900 wata tawagar ƙungiyar mishan ta CMS, a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta isa Kano da nufin kafa mazauni, amma Sarkin Kano Alu Babba ya hana su zama. Tawagar ta ja da baya har zuwa garin Loko a bakin kogin Binuwai, kuma a can Vischer ya yi ɗan gajeren aikinsa na mishan. Bai daɗe ba ya bar ƙungiyar. A shekarar 1903, shekarar da sojojin Gwamna Lugga suka ci Kano da Sakkwato, ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, aka ɗauke shi aikin mulki, aka tura shi Borno a matsayin mataimakin Razdan.

A shekarar 1906, da hutunsa ya ƙare, sai ya zaɓi ya koma bakin aiki ta hamada. Ya tashi daga Tarabulus a watan Yuli tare da ayarin da ya ƙunshi alhazai masu komawa gida da 'yantattun bayi, suka bi tsohuwar hanyar fatake ta Murzuk da Bilma, suka isa yankin Tafkin Chadi a ƙarshen shekarar. Ya rubuta labarin tafiyar a littafinsa Across the Sahara from Tripoli to Bornu, wanda aka buga a Landan a shekarar 1910. Watannin da ya yi yana ci yana kwana tare da matafiya Hausawa da Barebari sun ƙara masa ƙwarewa a harshe da sanin al'ada. Iya Hausarsa da yadda yake hulɗa da mutane su suka sa Kanawa suka laƙaba masa suna Ɗan Hausa.

Ilimin da ya tarar

Arewa ba ta rasa makarantu ba lokacin da Turawa suka zo. Ƙiyasin da gwamnatin Lugga ta yi wajen shekarar 1914 ya nuna akwai makarantun allo kimanin 25,000, masu ɗalibai fiye da 200,000. Birnin Katsina kaɗai yana da tarihin ilimi na ɗaruruwan shekaru, tun daga zamanin masallacin Gobarau zuwa malaman ƙarni na 17 irin su Ɗan Masani da Ɗan Marina.

Makarantar allo tana da wani tsari da masana koyarwa na zamani suke yabawa. Ba a haɗa yara a kan darasi ɗaya. Kowane almajiri yana da allonsa da inda ya tsaya. Zai fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan ya shiga haɗa baƙi. Idan ya riƙe karatunsa sai ya je gaban malam ya biya, malam ya ba shi izinin wanke allo a yi masa ƙari. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ba ya jiran kowa, mai nauyin fahimta kuma ba a tsallake da shi. Manyan ɗalibai, wato gardawa, su ne ke taimaka wa ƙanana. Haka abin yake a wajen koyon sana'a: yaro yana zama gaban maigidansa yana kallo, a ba shi ƙaramin aiki, a ƙara masa gwargwadon yadda hannunsa ya faɗa. Irin wannan koyo har yau ana ganinsa a Babbar Kasuwar Katsina da Kasuwar Kurmi ta Kano.

Matsalar gwamnatin mulkin mallaka ita ce tana buƙatar akawuna da masu awon ƙasa da malaman haraji waɗanda suka iya rubutun Turawa, kuma tana ɗauko su ne daga Kudancin Najeriya da sauran ƙasashen bakin teku. A Kudu 'yan mishan ne suke gudanar da makarantu, amma a Arewa Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a taɓa addininsu ba, don haka aka taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi. An yi gwaji biyu kafin Vischer. Razdan Burdon ya buɗe ƙaramar makarantar 'ya'yan sarakuna a Sakkwato, Dokta Walter Miller na CMS kuma ya gwada tasa a Zariya, amma iyaye ba su amince da makarantar da ke hannun ɗan mishan ba.

Makarantun Nasarawa

A shekarar 1908 Gwamna Percy Girouard ya ɗora wa Vischer alhakin tsara ilimin gwamnati a Arewa. Kafin ya fara, an tura shi ya duba makarantu a Masar da Sudan da ƙasar da yau ake kira Ghana da kuma Legas. Abin da ya gani a Hartum ya fi burge shi, domin can ma ƙasar Musulmi ce, kuma an haɗa karatun littafi da aikin hannu da horar da alƙalai.

A shekarar 1909 ya buɗe aji na farko a Nasarawa, bayan ganuwar birnin Kano, da goyon bayan Sarkin Kano Abbas. Da manya ya fara, wato malaman da suka riga suka yi karatun Alƙur'ani da littattafai, domin su ne za su koyar da yara daga baya. A hankali wurin ya zama rukunin makarantu: ta malamai, ta 'ya'yan sarakuna, ta elementare, ta sana'a, da ajin safiyo wanda ya horar da masu awon gonaki domin yanka haraji. Baitulmalin Kano da na wasu masarautu sun riƙa ba da gudummawar kuɗi. A shekarar 1910 aka naɗa shi Daraktan Ilimi, kuma zuwa shekarar 1913 ɗaliban Nasarawa sun haura 200, daga larduna daban-daban na Arewa.

Tsarin koyarwarsa

Manufar Vischer ita ce yaro ya ƙaru da sabon ilimi ba tare da ya zama baƙo a gidan ubansa ba. Ya aiwatar da hakan ta hanyoyi kamar haka:

Harshe. Da Hausa ake koyar da karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya da zane. Turanci sai ɗalibi ya yi nisa, kuma ba kowa ake koya wa ba. Hujjarsa ita ce yaro ya fi saurin gane sabon abu idan an yi masa bayani da harshen da yake tunani da shi.

Addini. Malamai Musulmi ne suke koyar da Alƙur'ani da Larabci, ana kiyaye lokutan salla da azumi, kuma ba a koyar da addinin Kirista, duk da cewa shi kansa tsohon ɗan mishan ne.

Zama da sutura. An gina azuzuwa da gidajen kwana da ƙasa, irin ginin Hausa, da hannun magina na gari. Ɗalibai suna sa rigunansu na gida, suna cin abincin da suka saba, ana kuma zaunar da su rukuni-rukuni bisa lardin da suka fito, tare da manyan da suka rako su.

Sana'a. A makarantar sana'a an ɗauko gwanaye daga cikin gari, maƙera da dukawa da majema da masaƙa da masassaƙa, suka zama malamai. Ana fara wa ɗalibi da kayan aikin da ya sani, sannan a nuna masa sabbin kayan aiki da dabarun da za su kyautata abin da yake yi. Vischer ya yi ta gargaɗi a kan makarantar da za ta sa yaro ya raina aikin hannu, ya ga babu abin da ya dace da shi sai kujerar ofis.

Malamai 'yan ƙasa. Turawan da ke sashen ilimi kaɗan ne, yawancin koyarwa tana hannun malaman da aka horar a Nasarawa, waɗanda suka san yadda ake magana da yaran da iyayensu.

Dangantaka da tsarin fifita ɗalibi

Shekarun da Vischer ya yi aiki a Kano sun zo daidai da lokacin da ake sauya tunani game da yara a Turai da Amurka. John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a shekarar 1896, inda yara suke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar girki da saƙa da aikin katako. Maria Montessori kuma ta buɗe Gidan Yara na farko a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a watan Janairun 1907, inda yaro yake zaɓar aikin da zai yi da kansa, malama kuma ta koma mai lura da shiryarwa.

Tsarin Nasarawa ya yi tarayya da waɗannan a abu biyu: farawa daga abin da yaro ya sani, da koyo ta hanyar aikatawa. Amma ya sha bamban da su a babban wuri guda. A wajen Montessori yaro ne yake zaɓa. A Nasarawa kuwa gwamnati da sarakuna su ne suke zaɓar wanda zai shiga da ajin da zai zauna, kuma sau da yawa asalin yaro ne yake yanke hukunci: ɗan sarki a shirya shi don sarauta, ɗan mai sana'a a mayar da shi ga sana'a. Bugu da ƙari, makarantar ta zo da aji da jadawali da ƙararrawa, inda kowa yake bin darasi ɗaya a lokaci ɗaya. Ta wannan fuskar, tsohuwar makarantar allo ta fi ta barin ɗalibi ya tafi daidai ƙarfinsa.

Rubutun boko

Kafin zuwan Turawa da haruffan Larabci ake rubuta Hausa, wato ajami. An yi jayayya a tsakanin jami'an mulkin mallaka a kan wanda gwamnati za ta ɗauka. Burdon yana cikin masu goyon bayan ajami, Miller kuma yana cikin masu son haruffan Turawa. Vischer ya goyi bayan boko, bisa dalilan da suka haɗa da tsadar buga ajami mai wasali a injin ɗab'i da ƙarancin jami'an Turawa da suka iya karanta shi. A shekarar 1912 ya wallafa ɗan littafi mai suna Rules for Hausa Spelling, wanda ya zama ƙa'idojin farko na gwamnati a kan rubuta Hausa da boko. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun shigo ne daga baya a shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya.

Wannan zaɓi ya buɗe hanyar littattafai da jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a shekarar 1939. A ɗaya ɓangaren kuma ya mayar da dubban malaman da suka iya ajami tamkar marasa ilimi a idon hukuma, abin da ya saɓa wa manufar da shi Vischer ɗin yake da'awa ta ginawa a kan abin da mutane suka sani.

Katsina da sauran larduna

Nasarawa ta zama iri da aka shuka a wasu wurare. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi nisa an buɗe makarantun lardi a Sakkwato da Katsina, malaman da aka horar a Kano suka koma garuruwansu suna koyarwa. A Katsina, Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya rungumi lamarin sosai.

Ƙarancin ƙwararrun malamai shi ya kai ga kafa Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, wadda ta fara aiki a shekarar 1921, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922. A lokacin Vischer ya riga ya bar Najeriya, amma kwalejin ta gaji abubuwa da yawa daga tsarinsa: ginin ƙasa, suturar gida, kiyaye salla, da zaunar da ɗalibai a gidajen kwana. Babban bambancin shi ne a Katsina an ba Turanci muhimmanci ƙwarai. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a can akwai Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam, da Kashim Ibrahim, da Isa Kaita. An mayar da kwalejin Kaduna a shekarar 1938, sannan Zariya a shekarar 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon gininta na Katsina yanzu gidan adana kayan tarihi ne.

Aikinsa a Landan

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse aikinsa a Kano. Ya shiga rundunar sojan Birtaniya a sashen leƙen asiri, inda yawan harsunan da yake ji ya yi amfani, ya kai muƙamin Manjo. Bayan yaƙin bai koma aikinsa na Najeriya ba.

A shekarar 1923 aka naɗa shi sakataren kwamitin da ke ba Ma'aikatar Mulkin Mallaka shawara a kan ilimin 'yan Afirka, ya riƙe wannan aiki har shekarar 1939. A shekarar 1924 ya bi tawagar Phelps-Stokes zuwa Gabashin Afirka, tare da Thomas Jesse Jones da masanin ilimin nan ɗan Ghana, James Aggrey. A shekarar 1925 kwamitin ya fitar da takardar manufa wadda ta nemi a daidaita ilimi da tunani da sana'o'i da al'adun kowace al'umma, a yi amfani da harsunan gida, a kuma kula da ilimin mata. Yawancin abin da ke cikinta ya yi daidai da abin da aka gwada a Nasarawa.

A shekarar 1926 yana cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Ƙasa da Ƙasa ta Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka a Landan, inda Lugga ya zama shugaba, shi kuma ya zama babban sakatare. Cibiyar ta fara buga mujallar Africa a shekarar 1928, ta kuma yi aiki a kan daidaita haruffan rubuta harsunan Afirka. An ba shi lambar girma ta Sir a shekarar 1941.

Iyali da rasuwa

Ya auri Isabelle de Tscharner, 'yar Siwizalan, wadda ta zauna tare da shi a Nasarawa. Ta rubuta littafi da Faransanci a kan zamanta a Kano, mai suna Croquis et souvenirs de la Nigérie du Nord, wanda aka buga a shekarar 1917. Vischer ya rasu a garin Newport Pagnell na ƙasar Ingila yana da shekara 68.

Yabo da suka

Masu yabonsa suna cewa ya samo hanyar da sarakuna da malamai suka yarda da ita a lokacin da jama'a suke gudun makarantar Bature, har ana ɓoye 'ya'ya ana tura na bayi da barori a madadinsu. Suna kuma nuna cewa ya girmama Hausa ya mayar da ita harshen koyar da lissafi da labarin ƙasa, a zamanin da yawancin Turawa ba su ga harsunan Afirka sun isa hakan ba.

Masu suka suna kawo hujjoji uku. Na farko, tsarin ya yi tafiyar hawainiya: ɗalibai ɗari biyu da 'yan kai a yankin da ke da miliyoyin mutane, alhali makarantun mishan na Kudu suna ɗaukar dubbai. Na biyu, jinkirta Turanci ya sa 'yan Arewa suka kasa gogayya a ayyukan gwamnati da na jirgin ƙasa da na kamfanoni, giɓin da ya zama babbar matsalar siyasa gab da samun 'yancin kai a shekarar 1960. Na uku, kare al'ada ya zama kare tsarin mulki: an fifita 'ya'yan masu sarauta, an guji ilimin da zai sa talaka ya yi tambaya, kuma babu mata a Nasarawa, domin sai wajen shekarar 1930 gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyar da 'yan mata a Kano da Katsina. Sonia Graham ta yi cikakken nazari a kan aikinsa a littafinta na shekarar 1966 game da ilimin gwamnati da na mishan a Arewacin Najeriya tsakanin 1900 da 1919.

Abin da ya bari

Batun koyar da yaro da harshen uwa bai mutu da Vischer ba. A shekarar 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Haka nan ƙoƙarin da ake yi na haɗa karatun allo da na boko a makarantun Islamiyya da na tsangaya, ci gaba ne na tambayar da aka fara fuskanta a Nasarawa.

Gidan Ɗan Hausa yana nan a unguwar Nasarawa ta Kano, da kaurin bangonsa na ƙasa da rufin azara da bakan gizo irin na maginan Hausa. Yana ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, kuma ɗalibai da masu yawon buɗe ido suna ziyartarsa domin ganin kayan tarihi da ɗakunan da aka tsara ilimin boko na farko a Arewa.